Waiwaye: Tukunyar Jajibiri

Watanda ta sake samun kasuwa. Wanda ya zaga unguwanninmu a goman ƙarshe na azumi cikin 'yan shekarun nan ya ga alama: sa ɗaure a gindin darbejiya, yara sun kewaye shi, ga wani dattijo riƙe da littafin sunayen waɗanda suka biya da waɗanda ake jira. Tsada ce ta tuna mana da ita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ɗauko dabba daga kara ya tashi, sannan rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin shekarar ya takura shigowar shanu ta Maigatari da Illela da Mai'aduwa tsawon watanni. Magidanci ya laluba aljihu, ya ga sayen kilo-kilo a teburin mahauci ba zai fisshe shi ba, sai ya koma ga dabarar iyayensa, wato a haɗa kuɗi a sayi sa guda, a yanka, a raba. Na ji daɗin haka ƙwarai. Sai dai rabin al'adar ne ya dawo. Mun tuna yadda ake haɗa kuɗin, mun manta yadda ake dafa abin da kuɗin ya sayo.

Mu da muka tashi a gidajen gandu mun san aikin naman Sallah ba ranar Sallah yake farawa ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Tun azumi na da goma sha wani abu ake wakilta mutum biyu ko uku da suka san dabba, su bi ranakun kasuwa: Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta ko Mai'aduwa, mai dogon zango kuma ya kai Potiskum ran Laraba. Wanda ya san sa ba ya tsayawa kallon ƙaho. Baki zai buɗe ya duba haƙori don ya ƙiyasta shekaru, ya danna gadon baya, ya damƙi ƙirji da gindin wutsiya ya ji ko akwai kitse, ya leƙa hanci ya ga ko da danshi. Ga Bunaji fari mai baƙin kunne, ga Rahaji ja mai dogon ƙaho da dogayen ƙafafu, ga Gudalin ƙasar Sakkwato mai guntun ƙaho da cikar jiki. Idan an iso gida da shi, tambayar farko da ke fitowa daga cikin gida ba ta kuɗi ba ce. Inna za ta aiko yaro ya ce, "Baba, wai an ce na turke ne ko na daji?" Amsar ce za ta gaya mata yawan itacen da za ta tanada. San turke ya yi watanni a tsaye yana cin dusa da harawa da ƙowar wake, namansa da taushi da maiƙo. San daji kuwa ya taka ƙasa neman ciyawa da ruwa, tsokarsa ta yi ƙarfi, amma idan aka ba shi lokacinsa romonsa ya fi.

Ran ashirin da tara ake yanka, da sassafe, alhali ba wanda ya san ko wata zai tsaya da yamma. Mahauci zai feɗe, ya shimfiɗa fatar ko buhuna, ya shiga kasafi tsibi-tsibi. Kowane tsibi sai ya sami tsoka da ƙashi da kitse da hanta da tumbi, kada wani ya ce an cuce shi. Sannan a sa yaro ya juya baya, a riƙa nuna tsibi yana kiran suna. Babban gida da ya biya kashi uku ko huɗu yana da roƙo guda, kuma tun kafin a sa wuƙa ake yin sa. Maigida zai matso ya ce, "Sarkin Fawa, don Allah kada ka daddatsa namu. Bar mana cinyar nan yadda take, ƙirjin ma ka raba shi biyu kawai." Mahaucin ba ya musu, don ya san gidan da za a kai.

Yau idan an gama watanda, kowa baƙar leda ake miƙa masa. An yanyanka komai ƙanana-ƙanana, wuya da cinya da gadon baya da ƙwauri sun cakuɗe, ko mahaucin da ya yanka ba zai iya rarrabe su ba. A zuba a tukunya ɗaya, a buɗe wuta, a jira. Wani yankan ya dagargaje, wani kuma yana nan da taurinsa, sai a ɗora wa saniya laifi a ce tsohuwa ce.

Iyayenmu mata sun san cewa a jikin sa guda akwai nama iri-iri, kowanne da wutar da yake so. Wuya da kafaɗa da ƙirji da ƙwauri su ne suka yi wa dabba aiki duk rayuwarta, jijiya ta ratsa su, don haka nasu doguwar dahuwa ce. Gadon baya, da siririyar tsokar nan da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya, ba su taɓa wahala ba. Garwashi suke so da ɗan gishiri da yaji, kafin a gama gaisawa sun gasu. Cinya tsoka ce zalla mai ƙarancin kitse, ita ce ta dambun nama da kilishi da suya, kuma idan aka bar ta ta wuce ƙa'ida a ruwa sai ta bushe a baki. Haƙarƙari da wutsiya na farfesu ne. Tozo kuwa, inda tsoka da kitse suka saƙu da juna, ba a jefa shi cikin gayya. Gefe ake cire shi, don tsohon gida ko baƙon da ake jin nauyi.

Bayan an sha ruwa an yi isha'i ake ɗora babbar tukunya, ta ƙasa ce ko ta dalma, a kan murhun duwatsu uku a tsakar gida. Kunne ɗaya yana wajen rediyo, ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Tun la'asar an riga an soke ƙirjin da bakin wuƙa nan da can, an cusa masa tafarnuwa, an goge shi da gishiri da dakakkiyar citta da masoro da kanumfari da kimba, an rufe shi a inuwa. Albasa ake fara shimfiɗawa a gindin tukunya, mai yawa, sannan ƙasusuwa, sannan a kwantar da naman a kai. Da farko ba a zuba ruwa. Rufewa ake yi a bar shi ya fitar da ruwan jikinsa, ya sha kayan ƙamshin a cikinsa. Sai an ji ƙamshi ya sauya sannan a ƙara ruwa, mai zafi, daidai yadda zai kusa shan kan naman. Ba mudu ba ma'auni; ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Idan ya tafaso a kwashe kumfar da ta taso da ludayi.

Daga nan ne ake gane wadda ta iya. Karan dawa da ƙiraren da aka hura wutar da su sun gama aikinsu, saura gungumen ƙirya ko marke wanda ke ci a hankali yana barin garwashi. Amaryar gida, da yake ƙuruciya na ɗibarta ga kuma kitso da lalle na jiranta, za ta lallaɓa ta tura itace. Inna tana daga tabarmarta ba ta ko ɗago kai ba za ta ce, "Ke 'yar nan, janye itacen nan. Nama ba ya jin tsawa, lallashi yake so." Amarya ta ce, "Inna, ai dare na yi." Inna ta ce, "Daren nasa ne." Tafasar da ake nema ita ce wadda ruwan ke motsi sama-sama, ƙwayar kumfa na fitowa jefi-jefi. A haka ƙirjin san daji zai yi awa uku, huɗu, wani lokaci fiye. Ba a buɗewa sai da dalili, ba a kuma juya shi kowane lokaci. Tsinke ake soka masa. Idan ya shige ya fito ba tare da ya riƙe ba, an kai.

Abin da tsofaffin nan suka gano da hannu, masana harkar abinci sun tabbatar da shi da bincike. Farar jijiya da yaɗin da ke naɗe da tsoka ba sa narkewa sai sun daɗe cikin zafi da danshi, kuma idan sun narke su ne ke zama danƙon nan da ke sa romo ya daskare idan ya huce, ya kuma sa nama santsi a baki. Wuta mai ƙarfi tana sa zaren tsoka ya takure ya matse ruwansa waje tun jijiyar ba ta fara sakewa ba. Babban yanki kuma ya fi ƙanana riƙe ruwansa, domin gefen da ruwan tukunya ke taɓawa kaɗan ne a kan girmansa. Shi ya sa ake dafa shi dunƙule, a tsame shi a kan faifai ko tire, a bar shi ya huta, sannan a yanka. Yankan ma da ƙa'ida: a gicciye zaren naman, kada a bi tsawonsa. Wanda ya bi tsawon zare ya bar wa haƙorin tsofaffi aikin da wuƙa ya kamata ta yi.

Gaggawa ta kai mu inda ban taɓa zato ba. Har ta kai hukumar NAFDAC na gargaɗin masu dafa abinci su daina jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi, saboda illar da take yi wa hanta da ƙoda. Maganin ciwon kai a cikin abincin yara! Ga gwanda a bayan ɗaki, wadda ɗanyenta ko ganyenta ke sassauta nama idan an naɗe shi da shi na ɗan lokaci kafin a ɗora. Ga 'yar kanwa da ake sa wa ƙafa da ganda, ita ma kaɗan. Iyayenmu ba su rasa dabarar gaggawa ba, sun dai san inda take tsayawa.

Romon da ya rage a tukunyar nan shi ne jarin girkin Sallah gaba ɗaya. Da asuba za a tace shi, a kwashe man da ya taso a ajiye. Kashi ɗaya ya tafi miyar taushe, da kabewa da gyaɗa da yakuwa da daddawa, wadda za a ci da tuwon shinkafa da waina da funkaso. Kashi ɗaya a dafa shinkafa da shi. Abin da ya saura a ƙara masa barkono a ba tsofaffi da masu jego su kurɓa. Ɓargon da ke cikin ƙashin cinya kuwa, yara ne ke layi a buga musu shi a kan murfin kwano. Miyar da aka yi da irin wannan romo ba ta neman a yi ta marmasa mata dunƙule, don ɗanɗanon yana cikinta tun daga ƙashi. Ba na ƙin dunƙule, ni ma a gidana ana sa shi. Abin da ke damuna shi ne yaran da suka tashi ba su taɓa jin ɗanɗanon naman sa shi kaɗai ba, kowace miya a bakinsu ɗaya ce.

Sai suya, wadda ita ce firjin wancan zamani. Kitsen ake fara yankawa a narka a kasko har ya zama mai, a tsame ƙanzonsa a ba yara. A cikin man jikin dabbar ake soya namanta, kaso-kaso, ba a cika kasko. Mai suya da kunne take aiki: muddin mai na tsartsatsi da ƙara, akwai sauran ruwa a naman, idan ƙarar ta kwanta ya yi ja, ya soyu. A jera shi a kwalla ko busasshiyar tukunya, a kwarara masa narkakken kitse ya rufe shi ruf, ya daskare ya zama kakide. An kori ruwa, an toshe iska, ga gishiri da yaji, ta ina ruɓa za ta shiga? Doka ɗaya ce, kuma kowane yaro ya san ta: ba a sa jiƙaƙƙen hannu a kwallar nama. Da wannan ake cin naman Sallah makonni. Cinyar da aka ware kuma a dafa ta lugub, a daka a turmi, a soya da albasa da yaji ta zama dambu, guzurin ɗalibi mai komawa makarantar kwana.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Tsofaffinmu hanyar zafi suka bi. Tukunya na kwana a kan garwashi, a tafasa ta kafin a kwanta, a sake tafasa ta da asuba, kuma bayan tafasar dare ba mai ƙara tsoma ludayi. Mu mun zaɓi hanyar sanyi, a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya. A cusa ɗanyen nama leda kan leda a firiza, na tsakiya bai daskare ba wuta ta ɗauke, ya saki, ta dawo ya sake kamawa. Bayan kwana uku a buɗe a ji abin da ba a so.

Amma asarar da ta fi wannan ba a hanci ake jin ta ba. Babbar tukunya ba ta ɓoyuwa. Ƙamshinta na tsallake katanga, kuma abin da ke cikinta ya fi ƙarfin cikin gida ɗaya, don haka dole a fitar. Ana saukowa daga Idi za a jera kwanuka a tsakar gida, uwargida na zaune da wuƙa da tire, tana yanka tana kiran suna. Wannan na gidan Kaka, wannan na surukai, wannan na Goggo da ke zawarci, wannan na maƙwabcin da bana bai shiga watanda ba, kuma nasa ake fara kaiwa, a cika shi, kada ya ji an tuna da shi ne daga baya. Ga na malamin allo da almajiransa. A garuruwa irin su Kaduna da Jos da Zariya ga kwanon maƙwabta Kirista, waɗanda su ma idan Kirsimeti ta zo nasu kwanon zai ƙwanƙwasa ƙofa. Mu yara mu ne 'yan aike, da sababbin kaya da kwano a ka, ana ja mana kunne: "Ka gaishe ta da kyau, ka ce Inna na yi mata barka da Sallah." A can a juye, a sa mana tukuici ko a zubo nasu girkin, don kwano ba ya komawa wayam. Ta haka muka san gidajen danginmu lungu-lungu, muka san wa ake durƙusa wa. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafafunmu ne suka yi ta, kwanon nama ne ya aike su.

Firiza ta cire mana wannan dolen. Yanzu gida mai mutum biyar zai iya ajiye rabin sa ya ci shi kaɗai har wata uku, ba wanda ya ji ƙamshi balle ya sa rai. Ba na cewa zukatanmu sun fi na iyayenmu tauri. Su dai yanayinsu ya taimake su a kan alheri, mu namu ya bar mu da zaɓi, kuma alherin da aka bar wa zaɓi yana bukatar a ƙudurta shi tun kafin nama ya shigo gida. Gidan da ya rubuta sunayen masu kwano tun ranar da ya biya kuɗin watanda, shi ne zai fitar. Wanda ya ce sai ya ga abin da ya rage, ba abin da zai rage.

A Babbar Sallah rago ne a gaba, don shi malamanmu na Malikiyya suka fifita a layya, amma gidan da Allah ya hore wa yakan kayar da sa, kuma tsarin bai sauya ba: hanta da kayan ciki ranar farko, a rataye sauran ya sha iska ya tsane, suya washegari, kai da ƙafa su zo daga baya a yi langaɓu. 'Yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram har gobe suna riƙe da nasu salon, inda ake baje raguna a kan sanduna a jera su kewaye da wuta a bakin titi, su yini suna gasuwa da hucinta daga nesa, sai washegari a shiga rabo. A gidaje da yawa kuma akan ɓoye wani abu na layya, busasshe ko soyayye, har daren cika-ciki, goma ga Muharram, wata guda cur bayan yanka. Naman da zai kai wannan dare sai wanda aka yi wa aiki da gaskiya.

Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. Hayaƙin murhu ya ci idanun iyayenmu mata ya zauna musu a ƙirji, kuma su ne ke kwana a tsaye kowa na barci. Ƙirya da marke sun yi ƙaranci a dazukanmu, ba kuma zan ce a je a ƙarasa sare su ba. Ma'aurata da yawa yau a ɗaki biyu suke zaune a gidan haya, matar ma aiki take zuwa har jajibiri. Duk da haka ilimin bai dogara da duwatsu uku ba. Kan gas da aka mayar can ƙasa yana yin abin da gungume ke yi, murhun gawayi ma haka. Tukunyar nan mai kulle tururi tana gama ƙwauri da wutsiya a kusan awa guda, kuma ba laifi a cikinta. Maza ma ba abin da zai hana su zama a bakin tukunya su ba matan gida hutu, tunda yawancin aikin jira ne.

Ga wanda zai shiga watanda bana, ya je wurin yanka da kansa, ya tsaya kusa da mahauci. Ya roƙa a ba shi rabonsa a manyan yanka, ko da uku ne ko huɗu, a faɗa masa sunan kowanne, a sa su leda daban-daban. Ya nemi ƙashi mai ɓargo da kitse, kada ya bari a zubar. Idan rabon gida ɗaya bai kai a ɗora babbar tukunya ba, gida biyu ko uku su haɗa nasu a dafa a wuri ɗaya, gas ɗin ma zai fi auki. In kuwa akwai tsohuwa a dangi ko a maƙwabta wadda ta taɓa kwana a kan irin wannan tukunya, a je a ɗauko ta tun la'asar, a shimfiɗa mata tabarma kusa da murhu, a zaunar da 'yan mata da samarin gidan inda za su ji abin da take faɗa.